Gwarzon Rabin Hoto

Ba zan taɓa mantawa ba da wata walimar aure a unguwar Mansur, a shekarata ta farko a Makka. Lokacin ba ni da kowa. Daga shagon gyaran waya sai ɗaki, daga ɗaki sai masallaci. Sai in wuni ban yi Hausa da kowa ba, sai ni da kaina (shi ma kan nawa ba ya son hirar).

Abin nunawa ɗaya gare ni: hotona na ranar da mutanen garinmu suka yi zanga-zangar neman a saki matasan da aka tsare ba shari'a. Mai hoton durƙusawa ya yi ya ɗauka daga ƙasa, sai na fito dogo kamar rimi, hannu a sama, baki buɗe, 'yan sanda a bayana ƙanana-ƙanana. Gefen dama kuwa tuni na datse shi.

Ana cin shinkafa, ana hira rabi Hausa rabi Larabci, ba mai kula ni. Sai na zaro waya na buɗe hoton.

"Masha Allah! Ya shaikh, kai ne nan?" in ji ƙanen ango, haifaffen Makka.

Nan take aka kewaye ni. Wata takwas ban ga ido shida a kaina lokaci guda ba, sai baki ya ƙwace mini. Har cewa na yi barkonon tsohuwa bai sa na gusa ba.

Wani dattijo direba, ashe ɗan garinmu ne, ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, ina sauran?"

Ya lalubo cikakken hoton a tasa wayar ya miƙa wa jama'a. A gefen da na datse, ga wata tsohuwa tsaye tana fuskantar 'yan sandan, riƙe da hoton ɗanta. Ga kuma a-daidaita-sahun da na ɗaga hannu ina tsayarwa don in gudu.

"Yayata ce," in ji shi. "Har yau yaron bai dawo ba."

Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Baba, ka yafe ni." Ya gyaɗa kai kawai ya ci gaba da cin abincinsa. Na wanke hannu na fice, ba mai rakiya.

Tun ranar na gane: kafin ka datse hoto don ka ƙara tsawo, duba wa kake datsewa. Kuma kada ka yi ƙarya a Makka, garin da duk duniya ke zuwa, har da sauran hotonka.