Ranar Da Na Hana Banki Cin Gumina

Lokacin da katin cirar kuɗi ya iso Azare, ni na fara karɓa a ofishinmu. Ban jima ba na gane duk sanda na zura shi a na'ura sai banki ya ɗan yagi rabonsa. Na ce wallahi an yi na ƙarshe, gumina ba gadon kowa ba ne.

Da albashi ya shigo, na kwashe shi kaf a tashi ɗaya, don yankan ya zama sau ɗaya tak. Na ratso ta kasuwa aljihu a kumbure, ina taku kamar ni na gina ta.

Emeka mai kayan wuta ya hango ni ya ce, "Alhaji, irinka bai kamata ya kwana a duhu ba!" Ban taɓa zuwa Makka ba, amma na tsaya. Ya tayar da wani ƙaramin janareto, ƙararsa ta shiga raina. Sai ga ni bisa acaɓa rungume da shi.

Maiɗakina ta zagaye shi ta ce, "Malam, hatsi fa? Man da zai sha fa?"

Na ce, "Ke ba ki gane ba. Sau ɗaya kacal banki ya yanke ni!"

Watan nan a fitilar ƙwai muka ci tuwon aro, janareto na lungu ba mai, an kife kwanuka a kansa. Kuma ban yi nadama ba. Kuɗina ne, da hannuna na kashe abina.

Amma har yau da an ɗauke wuta, sai abokaina a majalisa su juyo: "Malam Sau-Ɗaya, a je a sauke kwanuka!"