Mai Girma ya taka rawar famfon Zandam

Jiya man babur ɗina ya ƙare bayan mun wuce garin Sara, ga 'yata Sadiqa a baya. Haka na riƙa tura shi ina zufa, ita tana biye da ni tana bitar waƙarta ko a jikinta.

Abin da ya fito da mu daga Zandam kuwa, wasu bayin Allah ne suka zo makarantarsu suna koya wa yara dimokuraɗiyya da waƙa. Suka ce kowa ya tsara baiti kan abin da ke damun garinsu, waɗanda suka yi fice za su rera a gaban manya a Birnin Kudu. Sadiqa ba ta sha wahalar nema ba. Famfon unguwarmu tun bara ko ɗigo babu, ita ce kuma mai ɗaukar jarka zuwa rafi kafin ta tafi aji. Sai ta zuba shi a waƙa, har tana tambayar ina wanda ya yanka ƙyallen buɗe shi ya shiga. To, mai yanka ƙyallen nan shi ne babban baƙon taron, Mai Girma Garkuwan Alkawari.

Maƙwabcina Malam Badamasi ya ja ni gefe tun shekaranjiya. Ya ce, "Ka ja wa yarinyar nan kunne. Rabon taki ya kusa, kada ka nemi sunanka ka rasa."

Na lallaɓa ta ko "ranka ya daɗe" ta saka a tsakiya. Ta ce, "Baba, malaminmu ya ce tambaya ba rashin kunya ba ce. Ni so nake kawai ya ji."

An kira taro da hantsi, Mai Girma ya iso bayan la'asar, Allah ya saka masa da wannan sammako. Can aka kira Sadiqa ta fito. Mai fiyano na sakin kiɗa sai ga Mai Girma ya miƙe, ya tattare babbar riga ya hau rawa. Shi a iya saninsa, duk kiɗan da aka yi a gabansa yabo ne. 'Yan amshi na cewa "Famfon Zandam ya bushe," yana jinjina musu. Sadiqa na tambayar ina ya shiga, yana juyi a gabanta, 'yan rakiyarsa na tafi. Da ya karɓi lasifika ya ce bai taɓa jin waƙar da ta ratsa shi haka ba, a ɗaukar masa waƙar a sa a motar kamfe.

Wallahi sanyi na ji har raina, takina ya tsira. A hanyar gida, na sha mai na goyo Sadiqa a babur, ina ta zuba surutu, sai na lura bayan rigata ya jiƙe.

Na ce, "Ke da aka yi wa tafi, kukan me kike?"

Ta ce, "Baba, da ya yi fushi da na san ya ji. Gobe ma rafi za ni."

A haka muka shiga gari.

Masu shirin nan, Allah ya biya ku, yara dai sun haddace darasinsu. In za ku dawo, ku buɗe ajin manya, a kashe fiyano, a hana kowa tashi. Ni ma a ajiye mini benci daga baya.