Laifina Shi Ne Na Tayar da Motar Asibiti

Yau da safe an kore ni daga ofishin hukuma, har da nuna ni da biro. Ban yi sata ba, ban zagi kowa ba. Mota na gyara.

Ku bari in faro muku daga tushe. Tsohuwata, wato matata, ta zame a banɗaki, ƙugunta ya goce, kuma likita ya ce yau da azahar a kawo ta babban asibiti a kwance, kada a kuskura a zaunar da ita. Ƙaramin asibitin unguwarmu yana da motar ɗaukar marasa lafiya guda ɗaya tal. Wata takwas ke nan tana fake ƙarƙashin bishiya, kaji suna ƙwai a inuwarta, wani kwamiti kuma yana zama a kanta. Allah ya saka wa kwamitin nan da alheri, har fenti ya sa an sake mata. Ba ta motsi, amma ƙyallinta sai ka rantse amarya ce.

Shekaranjiya na tare direbanta, mutumin da ya yi ƙiba saboda rashin aiki, na ce ya tayar da ita in ji.

Ya ce, "Baba, manyan injiniyoyi sun duba ta."

Na ce, "Ɗana, shekara arba'in da bakwai ina kwance ƙarƙashin motoci. Tirela ta taɓa saukowa daga jak ta danne ni, ita aka kai gyara, ni na tafi gida da ƙafata. Murɗa makulli."

Ya murɗa. Fat-fat-fat, sai hayaƙi ya cika wurin zaman direba. Ko bonet ban buɗe ba na ce masa gaskit ne. Ni ban taɓa zama a aji ba, baƙaƙen nan ma a jikin kwalayen kayan gyara na koye su, amma kunnena ya fi digirinsu.

Ga wanda bai sani ba, akwai wani ƙarfe mai rassa da ake kira manifol, shi ke kwashe hayaƙi daga inji ya miƙa wa salansa. Tsakaninsa da jikin inji ake shimfiɗa gaskit, ɗan siririn abu da bai kai faifai kauri ba. Aikinsa kawai ya toshe kafa. In ya ƙone, hayaƙi ya sami hanya, mota ta yi ta tari, ƙarfinta ya ragu, wanda ke ciki kuma ya shaƙa har kansa ya juya. Ka ɗauko majiyyaci, ka sauke gawa.

Jiya na zo da sufanuna da sabon gaskit. Na jira inji ya huce, na jiƙa notuna da mai don kada su karye, na cire manifol, na kankare fuskar ƙarfen har ta yi sumul. Na ɗora sabo, na ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, ba irin ɗaurin masu ƙarfi babu hankali ba. Kafin la'asar motar tana gurnani a hankali kamar mage ta ƙoshi.

To, shi ne yau aka aiko in bayyana gaban Mai Girma Babban Mai Kula da Masu Kula da Motoci. Na same shi a kujera mai juyawa, na'urar sanyaya ɗaki biyu suna hura shi ɗaya.

"Dattijo, wa ya ba ka izinin taɓa kayan hukuma?"

"Ranka ya daɗe, ƙugun matata."

"Ina takardar shaidarka ta aiki?"

Na miƙa masa tafin hannuna. Bai karɓa ba.

Ya buɗe wani fayil da ya fi injin nauyi, ya ce kwamiti ya tabbatar a rubuce cewa motar ta mutu, har an nemi a sayo sabuwa. Ya ce abin da na yi ƙaryata rahoton masana ne, don haka in mayar da tsohon gaskit inda na same shi.

Na ce, "Allah ya ja zamaninka, gaskit ba ya komawa. In an cire shi, ya gama duniya." Na zaro ragowarsa daga aljihu, baƙin gari-gari, na zuba masa a tebur. Wallahi sai da ya sa aka kwashe a ambulan ɗin wasiƙa, aka buga hatimi. Sannan ya nuna mini ƙofa, ya ce a takarda motar matacciya ce, kuma haka za ta zauna har kwamiti ya sake zama bayan hutu.

Na dawo asibitin unguwarmu. Tsohuwata na gida tana jira, rana tana ta hawa. Na kwashe duka na gaya wa direba. Sai ya juya wurin mai gadin ƙofar asibitin.

"Malam, in matacciyar mota ta fita, a wane littafi kake rubutawa?"

Mai gadi ya sosa ƙeya, ya duba littafinsa gaba da baya, ya ce babu gurbin haka. Ya ja ƙofa ya buɗe, ya koma ya ci gaba da sauraron rediyonsa.

Mun biya gida mun ɗauko ta, mun isa babban asibiti kafin azahar. Tsohuwata tana kwance a baya tana yi mini faɗa a kan rigar da na ɓata da baƙin mai, alamar dai da sauran ƙarfinta. Likita ya karɓe ta.

Saboda haka duk wanda ya ga wata farar mota ta wuce yau tana jiniya, ina roƙonsa ya je a duba masa ido. Hukuma ta ce ta mutu, ni kuwa wane ne da zan yi musu da masu hatimi?