Rasuwar Ƙatuwa, Kyamarar Awaisu Mai Hoto

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kafaɗa cike da ciwo, ni Awaisu Mai Hoto na Malumfashi nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kyamarata, wadda aka fi sani da Ƙatuwa. Ta cika ranar Asabar da ta wuce a Mahuta, tana bakin aiki.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta je biki, ta je suna, ta je taron manoman auduga inda ake jawabi har masu jawabin su gaji, ba ta taɓa lumshe ido ba. In an kunna ta sai ta ce ƙit, ɗan jan idonta ya kama, kowa ya gyara hula. Ba ta taɓa nuna bambanci ba: yadda take ɗaukar ango, haka take ɗaukar wanda ya zo cin tuwo ba a gayyace shi ba.

Ta sha ado, amma ba don son ranta ba. A ƙasarmu ba a tambayar mai hoto ko aikinsa yana fita, girman kayansa ake dubawa. Shi ya sa na yi ta ɗora mata kaya. Fitila a ka, hular rana a goshi, batir biyu a baya kamar goyo, ga mai ƙafa uku da nake saɓawa a kan babur daga nan har Funtua. Duk abin da na ƙara mata, kira ya ƙaru, ita da ni muka ƙara gajiya.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne a shagon Alhaji Shitu da ke Funtua, farkon daminar bana. Abu biyu ya ajiye min a kan tebur, aljihuna kuma ɗaya zai iya ɗauka: rigar ruwa ta kyamara, da wani dogon makirfo mai gashi kamar jelar tunkiya. Alhaji ya ce in ɗauki rigar, ya nuna min hadari ta ƙofa. Na duba rigar na ga leda ce kawai, ba wanda zai gan ta ya kira ni aiki. Na ɗauki mai gashi. Gaskiya ya yi farin jini, har taɓa shi ake yi a wurin biki.

Aikinta na ƙarshe shi ne walimar saukar Hajiya Tsohuwa ta Mahuta, wadda ta shiga Islamiyya bayan ta ga jikoki, ta yi ta fama har ta sauke. 'Yarta Ummukulsum tana aure a Fatakwal, ga tsohon ciki, ba ta iya zuwa ba. Ita ta kira ni, ta ce ba ta son hoton shinkafa ko na manyan baƙi, karatun mahaifiyarta kawai take son gani. Jikin Tsohuwa ba ƙarfi, kowa ya san haka, Ummukulsum ta fi kowa sani.

An yi ruwa da hantsi ya ɗauke, amma ya bar tafki a saman rumfa. Tsohuwa ta zauna, ta gyara mayafi, ta buɗe baki ke nan, sai wani bawan Allah mai son taimako ya sa sanda ya tokare tamfol don ya zubar da ruwan. Ya zubar da shi kuwa, a kan Ƙatuwa. Ta ce tsit, tsit, jan idonta ya ƙyafta sau ɗaya ya mutu. Na tsaya a bayanta ina riƙe da gawa har aka shafa fatiha, don ban ga yadda zan katse wa tsohuwa karatu ba. Ban taɓa jin nauyinta irin na ranar ba.

An garzaya da ita wurin Sanda mai gyara. Ya buɗe ta, ya shanya, ya hura, ya girgiza kai. Katin ajiyar hoto da ke cikinta ma ya bi ta.

Ta rasu ta bar batir biyu da caja, waɗanda ba sa shiga kowace kyamara sai ita, don haka zawarcinsu ba ranar ƙarewa. Ta bar fitila, da jaka mai tsagaggen zik, da mai ƙafa uku wanda dama ƙafa biyu da rabi gare shi. Ta bar mai gashi, lafiyarsa ƙalau, ko atishawa bai yi ba. Ta bar ni.

Na koma Mahuta na gaya wa Tsohuwa ruwa ya ɓata hoton, ban faɗa mata sauran ba. Na roƙe ta ta sake karatun in ɗauka da waya. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ni ba ni yi ma waya karatu, ɗan nan. Waya ta gulma ce. Ka kawo mani Ƙatuwa, ita nika jin kunya."

Saboda haka an ɗage jana'iza. Ranar Juma'a bayan la'asar za a shirya marigayiyar da duk kayan adonta, a kai ta Mahuta, a tsayar da ita a tsakar gidan Tsohuwa. Sanda ya yi alkawarin liƙa mata ɗan jan ƙwai na tocila a inda idonta yake. Wayar matata Mansura za a ɗaure a ƙarƙashin mai gashi, inda gashin zai rufe ta, ya yi aikin kirki sau ɗaya a rayuwarsa. In an gama, aka tura wa Ummukulsum, sai a wuce da gawa shagon Sanda, inda za a raba sassanta ga mabuƙata.

Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gidana, amma kada a zo da shawarar abin da ya kamata in saya. Masu rakiya zuwa Mahuta kuma, ina roƙonku don Allah, ba kuka, ba ta'aziyya. In Tsohuwa ta fara karatu, kowa ya gyara hula kamar yadda aka saba.