Rami Ɗaya, Daji Guda

Jama'a, yau da dariya na zo muku, ni da kuka sani da ɗaure fuska. Ku yi haƙuri da ni, abin ne ya fi ƙarfin wa'azi.

Da safe na fito da bokiti zan ba dashen lemona ruwa, sai na tarar da rami a ƙofar gida. Lemon nan tun yana tsiro a gwangwanin madara nake rainonsa, na yi masa keji saboda awakin unguwa, sai bana ya fara fure. Ina tsaye ina yi wa ramin huɗuba a kan sata, sai ga tela maƙwabcina, shi ma da bokiti, yana cigiyar gwaibarsa.

Matata ta leƙo ta ce in daina tara mata jama'a, Auta ce ta tuge shi. Wai an kawo sabon darasi makarantarsu, sauyin yanayi, kuma duk ɗalibin da bai kawo itace mai rai yau ba, ba shi da maki, ba zai wuce aji na gaba ba. Na ce ai itacen yana da ransa a inda yake.

"To ka je ka gaya musu," in ji ta. "Ba kai ne malamin kowa ba?"

Ni ban yi boko mai nisa ba, a tsofaffin jaridun naɗe kaya na ƙarasa karatuna, amma na san saiwa ba ta shiri da rana. Na ja tela muka nufi makaranta.

Ga abin da muka gani. Bara, Mai Girma Sarkin Gyaran Makarantu, Allah ya ƙara masa siminti, ya sa an sare itatuwan harabar saboda suna zubar da ganye, aka malale ko'ina da kankare tun daga bakin ƙofa har jikin bayan gida. Yau da aka tashi dashe, babu ƙasa ko ta tafin hannu. Sai maigadi ya ɗauko diga ya fasa rami ɗaya a tsakiyar fili.

Rami ɗaya, yara kuwa layi har waje, kowa rungume da itacen gidan wani. Yaro ya sa nasa a ramin, a yayyafa ruwa, mai hoto ya ɗauka, wani jami'i mai koriyar hula ya ce an dasa, a zare, na baya ya matso. Tela ya kalla, ya kalla, ya ce da wannan sauri kafin azahar mun zama 'yan daji, ya tambayi maigadi ko gwamnati ce za ta kawo zakuna ko su ma iyaye ne. Na so in tsawata masa, dariya ta riga ni.

Ana haka sai ga Mai Girma Babban Mai Sanyaya Duniya da jerin motoci. Ba a kashe ko ɗaya ba, don kada sanyin ciki ya gudu kafin ya gama yaƙi da zafi. Ya duba layi, idonsa ya faɗa kan mai fure. Mutumin ya san abu mai kyau, wannan ba zan hana shi ba. Ya sa safar hannu ya dasa lemona. Mai hoto ya ce ya ƙifta ido, aka zare aka sake. Mataimakinsa ya dasa. Mataimakin mataimaki ma ya ce ba za a bar shi a baya ba. Furen yana zuba a kan siminti, ni kuma ina jin kamar gashin gemuna ake tsigewa.

Na lallaɓa wurin malamar darasin. Baiwar Allah, ɗinki take koyarwa, makon jiya aka ce ita ce ta sauyin yanayi. Littafi bai iso ba, hula ce ta iso. Na ce zan ɗauki itacena kafin ya mutu.

"Baban Auta, in ka taɓa shi kafin a tashi, sifiri za a ba ta," ta ce a hankali. "Ba ni ke ba da makin ba, hoton ne."

Na waiga, Auta tana kallona daga layi, gumi har haɓa. Sai na koma na tsaya. Da Mai Girma ya ce yaran nan za su tsufa a inuwar dajin da aka kafa yau, har tafi na yi, tela yana zungurina. Wata yarinya ta yanke jiki ta faɗi, aka kwantar da ita a gefen motar Mai Girma, domin nan ce kaɗai inuwa a makarantar.

Da manya suka tafi, aka zube itatuwan a jikin katanga, iyaye suka yi musu caa. Tela ya zo neman gwaiba, ya koma da mangwaro. Ni na ɗauko lemona na mayar da shi mazauninsa. Ganyen ya yi laushi, ban san ko zai tashi ba.

Auta kuwa ta ci maki cikakke, za ta wuce. Da yamma na zaunar da ita, na ce tunda itacena ya yi wahala, ta gaya mini mene ne sauyin yanayi.

"Shi ne a cire itace daga inda yake jin daɗi, a kai shi inda ake ɗaukar hoto."

Na gyara zama zan yi mata gyara, kamar yadda na saba yi wa kowa. Har yanzu ina neman inda ta yi kuskure.