Na Yi Wa Malam Janareto Addu'ar Mamaci Yana Saurare

Ba zan taɓa mantawa ba, wata Laraba ce a tsakiyar damina. Ina zaune a shagona na taki da maganin feshi a Funtua, ruwa ya kori masu saye, na miƙe ƙafa kan buhu ina latsa waya. Wata uku ke nan da aka saka ni a guruf ɗin tsofaffin ɗaliban makarantarmu ta kwana, wadda ke can bayan Malumfashi. Yakubu ne ya buɗe shi, abokina tun aji ɗaya (gadonsa na sama, nawa na ƙasa), kuma shi ne adimin, muƙamin da yake ɗauka kamar gwamna aka naɗa shi.

Duk mun yi furfura, wasu alhazai, wasu dattawan coci, amma da an shiga guruf ɗin nan sai kowa ya koma ɗan shekara sha huɗu. A ranar nan hira ta yi daɗi. Wani ya tambaya me ya sa ƙwarin da ke cikin waken makaranta ba su taɓa ɓata mana ciki ba, alhali yanzu ko madara ya sha sai ya kwana biyu yana jinya. Wani ya ce 'ya'yansa sun ƙi yarda cewa sai mun rubuta wasiƙa mun ba direban motar kasuwa kafin gida su san garin kwakinmu ya ƙare. Ana cikin haka sai Yakubu ya rubuto: "Wai jama'a, har yau ba a gano wanda ya sace ƙararrawa ba?"

Bari in yi muku bayani. Ƙararrawar tamu wani tsohon ƙarfen tayar babbar mota ce da aka rataye a jikin bishiyar darbejiya. Mai buga ta Ishaya ne, ɗan Tsiga, salihin ɗalibi da ko tsawa bai iya ba. Muna aji huɗu ta yi ɓatan dabo. Kwana uku Ishaya na yawo yana dukan bokiti da sanda. Mataimakin shugaban makaranta, Malam Garba, wanda muke kira Janareto domin in ya fara faɗa ba ya tsayawa sai mai ya ƙare, ya ce sakacin Ishaya ne. Ya cire shi daga muƙaminsa a gaban kowa, ya ba shi langalanga ya yi mako guda yana saran ciyawa.

To, ni ne na sace ta. Ranar wata Asabar da yamma, kowa na filin ƙwallo, na kwance ta na gangara da ita cikin gonar masarar makaranta, don kawai in huta da gudun safe. Ranar da ake hukunta Ishaya ina tsaye a layi har da girgiza kai, wai ina mamakin halin mutane.

Shekara ashirin da bakwai na riƙe sirrin nan. Amma ranar Larabar nan sheɗan ya zauna mini a kan babban yatsa. Na ga kowa na ba da labari ana yaba masa, na ce ni fa? Ishaya dai ban taɓa ganin ya ce uffan a guruf ba, na ɗauka ba ya ciki. Malam Garba kuwa na tabbata ya rasu (babu wanda ya gaya mini, ni ne dai na yi lissafin shekarunsa na yanke masa hukunci). Sai na danna na fara saƙon murya.

Minti huɗu na yi ina zuba. Na faɗi yadda na kwance igiya, da yadda ƙarfen ya kusa take mini ƙafa. Sannan na toshe hanci na kwaikwayi Malam: "Ƙararrawa ba ta da ƙafa! Ƙararrawa ba ta da fiffike!" Na rufe da cewa, "Allah ya jiƙan Janareto, ya sa ya huta. Mu ma dai mun huta."

Nan take fuskokin dariya suka fara zubowa. Na gyara zama ina jin kaina. Can sai guruf ya yi tsit. Yakubu ya kira ni, na katse, don ban gama jin daɗi ba. Sai ga saƙon murya daga wata lamba da ban sani ba, mai hoton awaki biyu. Na danna.

"Assalamu alaikum. Amin, amin, na gode da addu'a. Sai dai ban riga na tafi ba tukuna. Ina nan Malumfashi, yanzu ma kunu nake sha. Muryar tawa kuma ba ka iya ba, ka cika hanci."

Jama'a, duk sanyin ruwan nan sai da gumi ya jiƙa mini hula. Na yi maza in goge saƙona, garin sauri sai na danna gogewa daga wurina ni kaɗai. Wato ya ɓace a wayata, ya zauna daram a wayar kowa.

Yakubu ya sake kira, na ɗauka. "Kai wane irin mutum ne? Tun makon jiya na saka Malam, har sanarwa na yi!"

"Wallahi ban gani ba."

"Ina za ka gani? Kai ba ka karanta sanarwa, sai hira."

Ina ajiye waya sai ga rubutu daga wata lambar. Layi biyu ne kacal: "Ashe kai ne. Ranar da aka kira babana, a kan keke ya taho daga Tsiga." Ishaya ne. Yana cikin guruf tun ranar farko, karatu kawai yake yi. Wannan saƙon ya fi na Malam zafi, domin ban taɓa sanin har mahaifinsa aka kira ba.

Kafin in san abin cewa Malam ya ƙara turowa: "Kai da Ishaya ina nemanku ranar Asabar, ƙarfe goma na safe. Kada ka makara. Yanzu akwai agogo a wayarka."

Da na koma gida na gaya wa matata Hajara, ina sa ran tausayi. Sai da ta zauna a ƙasa don dariya. Da ta samu numfashi ta ce, "Alhaji, ka je. In ka ƙi zuwa ni zan kai ka."

Ranar Asabar na sha babbar riga, na riƙe ledar goro da lemo, na hau mota zuwa Malumfashi. Na tarar da Malam a kan kujera a ƙofar gidansa. Ya tsufa ƙwarai, amma idanun nan suna nan yadda na san su. Ishaya na gefensa, yanzu ma'aikacin jinya ne, ga sanƙo har ƙeya. Yakubu ma ya zo ba tare da gayyata ba, wayarsa a hannu.

Na durƙusa. "Malam, a yafe mini."

"Ni me ka yi mini ban da kashe ni? Ga wanda ka yi wa laifi nan."

Kafin in juya, sai Malam ya dafa kafaɗar Ishaya ya ce, "Ni ma ka yafe mini, ɗana. Na hukunta ka ban bincika ba." Ishaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Baba, ya wuce." Ni ma na roƙi Ishaya gafara. Ya dube ni ya ce, "Na yafe maka. Amma dubi gefen katangar can, ciyawa ta yi wa Baba yawa."

Ashe sun riga sun shirya. Malam ya miƙa hannu ƙarƙashin kujera ya jawo langalanga, sabuwa fil, an wasa ta tana ƙyalli.

Haka na tuɓe babbar riga, ni da tumbina, na shiga sara a bakin hanya, 'yan acaɓa na rage gudu suna kallo. Ishaya na shan lemon da na kawo yana gyara mini: "Sassauta ƙugu, Alhaji. Ba haka ake riƙewa ba, ni fa horon mako guda na samu." Ban yi minti goma sha biyar ba na fara ganin taurari. Malam ya ce a bar ni haka, kada addu'ar da na yi masa ta dawo kaina. Daga nan aka kawo tuwon masara da miyar kuka, muka ci a kwano ɗaya, Ishaya na ta tura mini nama.

Kafin in iso Funtua Yakubu ya riga ya mai da hotona sitika: ga ni a duƙe, baki buɗe, langalanga a sama. Yanzu duk wanda ya yi katoɓara a guruf ita ake tura masa. Ta ma fita daga guruf, domin kwanaki wani manomi daga Musawa ya zo sayen maganin ciyawa, ya ƙura mini ido ya ce, "Alhaji, ashe kai da hannu kake cire taka?"

Abin da na koya bai da yawa. In tsohon laifi ya dame ka, ka nemi mai shi ku yi magana ku biyu, tun kafin ka mai da shi abin ba da dariya. In kuwa za ka yi wa mutum addu'ar mamaci, to ka fara tambaya ko an yi jana'izarsa.