Rasuwar Bajon Inna Gudiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kai a ɗage, Inna Gudiya ta Katanga, matar marigayi Kofur Sa'idu, na sanar da rasuwar bajonta na Ƙungiyar Matan 'Yan Mazan Jiya. Tagulla ne ɗan asali, tun shekarar da sojojinmu sunka dawo daga Laberiya yake maƙale a ƙirjinta.

Marigayin ba ɗan kwalliya ba ne, ma'aikaci ne. Da allurarsa anka cire ƙaya a ƙafafun tsofaffin sojoji, da ita anka huda ledar magani. Ya shiga asibiti ya fita, masu gadi na ganinsa su kauce. Bai taɓa ɗaga murya ba, iyakarsa "ƙyas" in an maƙala shi da safe.

Ya daɗe yana fama da tsatsa, amma ba ita ta kashe shi ba. Ranar kasuwar Aliero, Inna na tsallakar da Baba Alu, tsohon soja makaho, bajon ya suɓuce ya faɗi kan kwalta, motar albasa ta bi ta kansa. Ba a ji komai ba sai "ƙwas". A bakin aiki ya cika, Allah shaida.

Ya bar mayafi mai huji, da gwangwanin da yake kwana ciki, da Inna, wadda ta yi kuka har da majina.

To, ga abin haushi. Sabuwar shugaba, Hajiya Raihanatu, wadda mijinta ko ƙarar bindigar toka ya ji sai ya nemi ɗaki, ta aiko wai marar bajo ba ta shiga motar Birnin Kebbi ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Jiya-jiya, gwanin wanka! Inna kuwa ba ta taɓa fashin zuwa tsaya wa Sa'idu ba, kuma ba bana za ta fara ba.

Saboda haka, jana'iza ranar tunawar ce, sha biyar ga Janairu, da hantsi, a tashar Jega. Za a ƙulle mamacin a bakin zane, Inna ta zauna da shi a gidan gaba har Birnin Kebbi. Ba a buƙatar ta'aziyyar shugaba. In ta isa, ta zo gaban jama'a ta sauke gawa daga mota.